Ƙibar ƴan makaranta: Alamar hutu ko sabuwar tamowa?

A farkon watan Maris na shekarar 2024 ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana sakamakon wani gagarumin bincike da aka gudanar da haɗin gwiwarta, wanda ya nuna cewa ya zuwa shekarar 2022 mutanen da ke fama da matsananciyar ƙiba a duniya sun haura biliyan ɗaya, wato mutum ɗaya ke nan a cikin kowane mutum takwas. Abin da ya fi ɗaga hankalin masana a cikin rahoton shi ne halin da yara da matasa ke ciki, domin kuwa yayin da yawan manya masu wannan matsala ya ninka sau biyu daga shekarar 1990, na matasa ninkawa ya yi har sau huɗu. Hukumar ta ce yara ƴan shekara 5 zuwa 19 fiye da miliyan 390 ne nauyinsu ya wuce ƙima, daga cikinsu kuma miliyan 160 sun kai matakin da likitoci ke ɗauka a matsayin ciwo.

Shekara ɗaya da rabi bayan haka, a watan Satumba na 2025, sai ga Asusun Kula da Ƙananan Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNICEF, da nasa rahoton, inda ya ce a karon farko a tarihi yaran da suka isa makaranta masu matsananciyar ƙiba sun fi masu rama yawa a duniya. Masu ƙiba sun kai kashi 9.4 cikin ɗari, masu rama kuma kashi 9.2, alhali a shekarar 2000 masu ƙiba kashi 3 ne kacal, masu rama kuwa kusan kashi 13. Yankuna biyu ne kawai asusun ya ce har yanzu rama ce ke kan gaba a cikinsu, wato kudancin Asiya da kuma ƙasashenmu na Afirka kudu da hamadar Sahara.

Wani daga cikin masu karatu zai iya cewa, to ai ga shi nan rahoton da kansa ya ware mu, mu da muke fama da yaran da ba su samu na sawa a baki ba, ina ruwanmu da ciwon ƴaƴan Turawa? Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, domin har gobe yunwa ce ta fi cin yaranmu. To amma masu iya magana sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ƙasashen da a yau suke kuka da ƙibar yara, irin su Masar da Meziko da Afirka ta Kudu, shekaru talatin zuwa arba'in da suka wuce kukan rama suke yi. Kayan da suka taka rawa wajen sauya musu labari, wato lemon kwalba da kayan leda masu zaƙi da maiƙo, su ne dai muke gani a bayan manyan motoci tsakanin Jibiya da Ɗan Isa zuwa Maraɗi, da Illela zuwa Birnin Ƙonni, da Kamba zuwa Gaya. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu tattauna batun da ƴan kasuwa, domin hajar ta hannunsu take bi, kuma ƴaƴansu ne suka fi kusa da ita.

Yaya ake gane ƙibar da ta wuce ƙima?

Ido kaɗai ba ya iya yanke hukunci a wannan sha'ani, don haka ma'aikatan lafiya suke amfani da wani lissafi mai sauƙi wanda duk ɗan kasuwa zai iya yinsa. Ana auna nauyin mutum da kilo, a auna tsawonsa da mita, a ninka tsawon da kansa, sa'annan a raba nauyin da abin da aka samu. Wannan ma'auni shi ne ake kira BMI da Ingilishi, ko IMC da Faransanci. Ga babban mutum, idan lissafin ya kai 25 nauyinsa ya wuce ƙima, idan ya kai 30 kuma ya shiga matsananciyar ƙiba.

Ga yara kuwa, tun da jikinsu girma yake yi, sai an dubi shekaru da jinsi a jadawalin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2007. Alal misali, yaro namiji ɗan shekara 12, iyakarsa ta farko tana wajen 20, ta biyu kuma tana kusa da 24. Ke nan idan tsawonsa mita ɗaya da rabi ne, ya kai kilo 45, to ya taka iyakar farko, idan kuma ya kai kilo 54 ya shiga ta biyu. Ga yarinya mai waɗannan shekaru, iyakar farko tana wajen 21, ta biyu kuma 25. Mai karatu zai lura cewa kilo tara ne kacal tsakanin matakan biyu a wannan misali, nauyin da yaro zai iya tarawa a cikin shekara ɗaya ko biyu ba tare da kowa a gida ya ankara ba, sai dai a riƙa cewa yaro yana samun hutu.

Tamowa da ƙiba a gida ɗaya

Abin da ya bambanta halin da muke ciki da na ƙasashen Turai shi ne, mu matsala ta biyu ce ke shigo mana tun ba mu sallami ta farko ba. Binciken abinci mai gina jiki da aka yi a Nijar a shekarar 2022 ya nuna cewa kashi 47 cikin ɗari na yara ƴan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A Najeriya ma binciken lafiyar al'umma na 2023 zuwa 2024 ya nuna kashi 40 cikin ɗari. Amma kuma a Najeriyar, binciken 2018 ya gano cewa kashi 28 cikin ɗari na mata ƴan shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce ƙima, yayin da masu rama suke kashi 12. A Ghana kuwa, binciken 2022 ya nuna rabin mata ƴan shekara 20 zuwa 49 suna cikin wannan hali. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a shiga gida guda a tarar da uwa mai teɓa da hawan jini, ga jariri ramamme a bayanta, ga kuma ɗan kolej da wandon makaranta ya daina shigarsa.

Masana sun daɗe da gano cewa tamowa da ƙiba suna da dangantaka. Yaron da aka haifa da ƙarancin nauyi, ko wanda ya tsumbure kafin ya cika shekara biyu, jikinsa kan saba da tattalin ɗan abin da ya samu. Idan daga baya hali ya canja ya faɗa cikin sukari da mai, sai jikin ya riƙa tara kitse musamman a ciki, kuma haɗarin ciwon sukari da hawan jini ya fi yawa gare shi a kan wanda ya tashi da ƙoshi tun farko. Idan muka tuna cewa yankin Sahel ya sha fama da ƙarancin abinci a 2005 da 2010 da 2012, za mu ga cewa da yawa daga cikin matasanmu na yau sun fara rayuwa ne a cikin irin wannan yanayi. Haka kuma ƙiba ba ta hana ƙarancin jini, domin yaron da ya cika ciki da fulawa da sukari yana iya yin nauyi alhali jikinsa bai samu sinadaran da ke cikin wake da ganye da nono da nama ba. Wannan ne dalilin da ya sa masana ke lissafa ƙiba a cikin nau'o'in rashin ingantaccen abinci.

Kuɗin tara da bakin ƙofar makaranta

Bincike daban-daban da aka yi a makarantun biranen Afirka sun yi ta maimaita abu guda, wato ƙiba ta fi yawa ga ɗaliban birni a kan na karkara, ga na makarantun kuɗi a kan na gwamnati, ga ƴan mata a kan samari, da kuma ga yaran da iyayensu ke da ƙiba. A Turai da Amurka ƴaƴan talakawa ne abin ya fi kamawa, amma a ƙasashenmu daga gidan masu hali yake farawa. Idan muka dubi garuruwan kan iyaka, wa ke kai ɗansa makarantar kuɗi, wa ke iya ba shi kuɗin tara kowace safiya, wa ke da katan na lemo da biskit a cikin shago ko a ɗaki? Amsar ba ɓoyayya ba ce.

Shekarun da ake magana a kai, wato daga 10 zuwa 14, su ne shekarun da yaro ke fara riƙe kuɗi da zaɓar abin da zai ci da kansa. Da yawa sukan fita da sassafe ba su karya ba, a danƙa musu kuɗi a maimakon koko ko ɗumame. Lokacin tara kuma abin da ke jiransu a bakin ƙofar makaranta sananne ne: fanke da cincin da soyayyen dankali, biskit da alewa, lemon roba da ƙanƙara mai launi. Bayan an tashi a biya ta wajen mai shayi a ci taliya da ƙwai, da dare kuma a tarar da tuwo ko shinkafa na jira a gida.

Bari mu yi lissafi irin na kasuwa. A ƙa'idar da ta fitar a shekarar 2015, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa kada sukarin da ake ƙara wa abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin ɗari na abin da ke ba mutum kuzari a yini, wato wajen giram 50 ko cokalin shayi 12 ga babban mutum, kuma ta ce in an rage zuwa rabin haka ya fi. Gwangwani ɗaya na lemo yana iya ɗaukar sukari har giram 40, wato cokali goma. Yaron da ke shan ɗaya a kullum ya sha fiye da kilo ɗaya na sukari ke nan a wata, fiye da kilo 14 a shekara, ban da na shayi da na koko da na alewa. Babu uban da zai ɗebo cokali goma na sukari ya ce wa ɗansa haɗiye, amma ga shi ana yin haka kullum a cikin kwalba. Illar abin sha mai zaƙi ita ce ba ya ƙosarwa, yaro zai sha kuma ya ci abincinsa cif kamar bai sha komai ba.

Adalci ne kuma mu faɗi cewa ba kayan kamfani kaɗai ke ɗauke da laifin ba. Zoɓo da kunun zaƙi da lemon citta da ake ƙullawa a gida, wani sa'in sukarin da ake zuba musu bai gaza na kwalba ba. Tsadar rayuwa ma ta ba da tata gudummawa. Bayan janye tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayu na 2023, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024, kuma kowa a kan iyaka ya ji a jikinsa. A duk lokacin da ƙwai da wake da kifi da kayan marmari suka yi tsada, abin da ƙaramin kuɗi ke iya saye shi ne fulawa da sukari da mai. Ta wannan ƙofa ce ƙiba ke sauka daga gidan mai hali zuwa gidan talaka.

Ƙafa ta huta, ido ya kama aiki

Ɗaya ɓangaren lissafin shi ne abin da jiki ke ƙonawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla minti 60 a kullum na motsa jiki mai sa numfashi ya ɗaga. Amma binciken da ta wallafa a shekarar 2019 ya nuna cewa kashi 81 cikin ɗari na ɗalibai ƴan shekara 11 zuwa 17 a duniya ba sa cika wannan ƙa'ida, ƴan mata kashi 85, samari kashi 78.

Waɗanda suka yi makaranta shekaru talatin da suka wuce sun san cewa wannan minti 60 ba ya buƙatar wani shiri a wancan zamani. Da ƙafa ake zuwa makaranta a dawo, a je ɗiban ruwa, a kai abinci gona ko kasuwa, da yamma a yi langa da ƙwallo da kokawa, ƴan mata su yi gaɗa da ƴar gala-gala a dandali. A yau ɗan mai hali kabu-kabu ko acaɓa ko adaidaita-sahu ke ɗaukarsa daga ƙofar gida zuwa ƙofar makaranta. Da yawan makarantun kuɗi kuma gidajen haya ne aka mayar azuzuwa, babu filin da yaro zai yi gudun mita hamsin. Daga boko sai islamiyya, daga nan sai darasin yamma, duk a zaune. Filayen unguwa da ake wasa a da kuwa an yanka su an yi shaguna.

Ba mu manta ba cewa iyaye suna da hujjarsu. Matsalar tsaro da satar mutane a yankunan Katsina da Sakkwato da kudancin Maraɗi ta sa uba da yawa ba ya iya barin ɗansa ya yi doguwar tafiya shi kaɗai, ga zafin bazara da ke haura digiri 40, ga haɗarin ababen hawa. Sai dai jiki bai san uzuri ba, abin da aka ci ba a ƙona ba kitse yake komawa.

Sai kuma wayar salula da talabijin. Yaron da ya kwashe awa uku ko huɗu yana kallo, zaune yake, sau da yawa hannunsa na cikin leda, kuma tallar kayan zaƙin ce ke gilmawa a gabansa. Bugu da ƙari, wayar tana cinye barci. Likitocin barci sun ce ɗan shekara 6 zuwa 12 na buƙatar awa 9 zuwa 12, ɗan shekara 13 zuwa 18 kuma awa 8 zuwa 10. Ƙarancin barci yana rikita sinadaran jiki da ke sanar da mutum yunwa da ƙoshi, sai yaro ya wayi gari da kwaɗayin zaƙi da kasalar motsi.

Ƴan mata da “sha ka fashe”

Akwai wani ɓangare na wannan matsala da ya keɓanta da mu. A al'adarmu cikar jiki ado ce ga mace kuma shaida ce cewa gidansu akwai. Yarinya siririya takan sha gori daga ƙawaye, wani lokaci har daga iyaye mata, musamman idan aka fara maganar aure. Wannan ne ya buɗe kasuwar ƙwayoyin da ake kira “sha ka fashe”, waɗanda ake samu a tiren masu tallar magani a kasuwanni da tashoshin mota, kuma suna ƙetare iyaka kamar kowace haja.

Mafi yawan waɗannan ƙwayoyi magungunan wasu cututtuka ne dabam. Akwai dexamethasone, wanda likita ke bayarwa don kumburi ko asma na ɗan lokaci, akwai kuma cyproheptadine, maganin ƙaiƙayi da borin jini wanda ke buɗe ciki ya sa barci. Wanda ya daɗe yana shan na farko fuskarsa kan kumbura, kitse ya taru a ciki da bayan wuya, sukarin jini da hawan jini su tashi, ƙashi ya yi rauni, garkuwar jiki ta faɗi, ga yaro kuma yana iya tauye tsawo. Abin da ake gani kamar ƙiba, wani ɓangarensa kumburi ne. Wani haɗarin kuma shi ne, wadda ta daɗe tana sha bai kamata ta daina rana ɗaya ba, sai ta je asibiti an rage mata sannu a hankali, domin yankewa farat ɗaya na iya jefa ta cikin mummunan hali. Duk ɗan kasuwar da ke sayar wa ƴar shekara 13 wannan ƙwaya ya tambayi kansa ko zai yarda a sayar wa tasa.

Abin da ke jiran yaron a gaba

Mutane kan ce ƙibar ƙuruciya ce, za ta zube in ya girma. Bincike bai goyi bayan wannan fata ba, domin an gano cewa wajen kashi 80 cikin ɗari na matasan da ke da matsananciyar ƙiba da ita suke shiga girma. Tun kafin nan ma akwai alamun da iyaye za su iya lura da su: haki bayan ɗan gudu kaɗan, minshari da yankewar numfashi a cikin barci, gyangyaɗi a aji, ciwon gwiwa, rikicewar al'ada ga ƴan mata, da kuma wani baƙi mai kauri da ke fitowa a bayan wuya da hammata. Uwaye da yawa kan ɗauka dauɗa ce su yi ta dirza da soso, alhali sau da yawa alama ce cewa jiki ya fara kasa sarrafa sukari, kuma ya kamata a je a auna jini.

Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta a shekarar 2021 cewa manya miliyan 24 ne ke da ciwon sukari a Afirka, fiye da rabinsu ba su san suna da shi ba, kuma adadin zai iya kaiwa miliyan 55 nan da 2045. Ɗan shekara 12 na yau, a 2045 yana cikin shekarunsa na talatin, lokacin da ake sa ran ya karɓi shago ya riƙe gida. Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon sukari ko shanyewar ɓarin jiki ko wankin ƙoda ya san yadda waɗannan cututtuka ke cin jari, ba su da ranar sallama, kuma a ƙasashenmu mafi yawan kuɗin magani daga aljihu yake fita. Sau nawa muka ga an sayar da shago ko fili saboda jinya?

Haraji da matsalar iyaka

Gwamnatoci da dama sun gwada magance abin ta hanyar farashi. Meziko ta sa harajin peso ɗaya a kan kowace lita ta lemo mai sukari a shekarar 2014, kuma a shekarar farko sayensa ya ragu da wajen kashi 6 cikin ɗari. Ingila da Afirka ta Kudu sun bi sahu a 2018, inda kamfanoni da yawa suka rage sukarin da ke cikin kayansu don guje wa harajin. Ƙasar Chile ta tilasta buga baƙin tambarin gargaɗi a jikin ledar abinci mai yawan sukari ko gishiri ko mai tun 2016, ta kuma hana sayar da irinsa a makarantu. A yankinmu, Najeriya ta fara karɓar naira 10 a kan kowace lita a 2022, Ghana kuma ta sa kashi 20 cikin ɗari a 2023.

Naira 10 a lita tana nufin naira 5 a kan robar rabin lita, abin da bai isa ya sauya ra'ayin ko da ɗan firamare ba, ballantana bayan faɗuwar darajar naira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sai haraji ya ɗaga farashi da kashi 20 cikin ɗari ko fiye kafin a ga tasirinsa sosai. Ko da an yi hakan, ƴan kasuwar kan iyaka sun fi kowa sanin abin da ke biyo baya: duk hajar da ta yi tsada a wannan ɓangare ta yi araha a wancan, hanya za ta nema, kamar yadda aka gani da shinkafa lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Saboda haka a garuruwa irin namu, haraji ba zai yi aiki ba sai maƙwabtan ƙasashe sun daidaita shi a tsakaninsu, kuma kafin a kai ga haka, babban shingen da ya rage shi ne gida da makaranta.

Mafita

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abu na farko da muke kira ga iyaye a kai shi ne su san nauyi da tsawon ƴaƴansu, a kai su asibiti ko ɗakin shan magani a auna aƙalla sau ɗaya a shekara. Ɗan kasuwar da ba ya karɓar buhu sai ya ɗora a sikeli bai kamata ya bar lafiyar ɗansa ga ƙiyasin ido ba. Na biyu, yaro ya karya kumallo a gida, a rage kuɗin tara a maye gurbinsa da gyaɗa ko dabino ko aya ko dafaffen ƙwai ko gwaiba. Na uku, lemo ya koma matsayinsa na da, abin biki da sallah, ruwa ya zama abin shan kullum, a kuma rage hannu wajen sukarin shayi da koko da zoɓo. Abincinmu na gado, ɗan wake da dambu da kwaɗon zogale da fura da nono da tuwon gero da miyar ganye, ya fi mafi yawan abin da ke cikin leda amfani. Na huɗu, a karɓe waya idan dare ya yi, kuma inda hanya ke da aminci a bar yara su taka zuwa makaranta a ƙungiyance.

Muna kuma jan hankali cewa gyara ba ya yiwuwa da gori ko horon yunwa. Yaron da ake kira buhu ko tulu a gida da makaranta yakan ƙaurace wa wasa ya koma ɗaki ya ƙara ci, wani ma ya tsani karatun. Jikinsa girma yake yi, don haka hana shi abinci ko ɗura masa shayin rage ƙiba cutarwa ce. Gida gaba ɗaya ne zai sauya tukunya, domin uban da ke shan lemo uku a shago ba zai iya hana ɗansa ɗaya ba.

Ga shugabannin makarantu da ƙungiyoyin iyaye, ya kamata a zauna da mata masu talla a bakin ƙofa a daidaita abin da za a riƙa sayarwa, ba tare da an tauye musu sana'a ba, a samar da ruwan sha mai tsabta, a kuma dawo da darasin motsa jiki har da ƴan mata a wurin da ya dace da su. Hukumomin ilimi su daina ba da izinin buɗe makarantar da ba ta da filin wasa, hukumomin gari su kare sauran filayen unguwa, jami'an lafiya da na kwastan kuma su sa ido a kan ƙwayoyin sa ƙiba. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa, waɗanda suka saba sasanta rikicin farashi da na rumfa, suna da ikon hana sayar da waɗannan ƙwayoyi a kasuwanninsu tun kafin hukuma ta iso.

Babu wanda ke cewa a daina cinikin lemo ko biskit, kasuwanci halal ne kuma da shi ake riƙe gidaje. Abin da muke cewa shi ne, wanda ya san haja ya fi kowa sanin abin da ke cikinta, kuma ribar da aka tara a shago ba ta da amfani idan magajin shagon ya tashi da ciwon da zai cinye ta. Lafiya uwar jiki, in ji Hausawa, kuma rigakafi ya fi magani. Allah ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya, amin.